Sunan da Ke Jikin Buhu

An mayar da kayan sa ranar Rayhana da safiyar Laraba, saura mako bakwai a ɗaura aure. Motar da ta kwaso su daga Sule Tankarkar ta tsaya a ƙofar gidan su Gudaji a Gumel da ƙarfe tara da rabi. Aka sauke huhun goro biyu, kwalin alewa shida da buhun dabino.

Goron sabo ne. Na farkon an raba wa dangi tun watanni uku da suka wuce, don haka Malam Abduljabbar, mahaifin Rayhana, ya aika kasuwa aka sayo wani.

Ɗan aiken bai zauna ba. Ya ce Malam yana gaisuwa, ya ce a yi haƙuri, Allah bai yi ba.

Gudaji Hudu shekararsa talatin da ɗaya. Zoɓo yake saye a hannun manoma, mata su tsince masa a sitonsa na Maigatari, ya ɗura a buhu, wani kamfani ya fitar da shi Jamus. Rayhana shekararta ashirin da shida, tana koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Gumel. Shekara uku suna tare, ba a taɓa jin kansu ba.

Abin da ya tsayar da auren bidiyo ne na minti huɗu.

* * *

A kasuwar zoɓo kowa yana da alamarsa a jikin buhu, don kada kaya su cakuɗe a mota. Wani tauraro yake zanawa, wani lambar wayarsa. Ta Gudaji kibiya ce. Bayan manyansa sun je gaisuwa Sule Tankarkar, sai ya sa maƙeri ya huda masa faifan kwano, ya riƙa ɗora shi a kan buhu yana shafa shuɗin fenti. Ba kowane buhu ba, sai na zoɓon da aka tsince sau biyu, wanda babu kara babu yashi. RAYHANA a sama, MAIGATARI a ƙasa.

Matan sito suka samu abin tsokana.

"Ango, amarya ba ta tare ba, har ta riga ka zuwa Turai."

A watan Yuni kamfanin Jamus da ke sayen kayan ya gayyaci mutum uku daga cikin masu tara masa zoɓo, su je su ga inda yake ƙarewa. Gudaji ya yi kwana goma a Hamburg. Aka haɗa su da tafinta mai suna Yazid, ɗan Damagaram, wanda ya shekara goma sha biyu a garin. Yazid yana da shafin da yake nuna wa Hausawa wuraren da Musulmi zai iya cin abinci a Jamus. Shi ya ɗauki bidiyon, shi ya ɗora, bayan Gudaji ya dawo da mako biyu.

A minti na farko suna bakin ruwa, jiragen dakon kaya na wucewa a bayansu. Gudaji ya ɗora rigar sanyi a kan kaftani, yana riƙe da burodin da aka tsaga aka cusa masa kifi da albasa. Ya gatsa, ya tsaya.

"Yazid, wannan ba su gama dafa shi ba."

"Ba a dafawa. A gishiri ake jiƙa shi. Haka suke ci."

"To Allah ya ba su haƙuri. A ce ta ba ni soyayye."

A minti na biyu suna cikin tsofaffin gidajen ajiya na jan bulo, waɗanda ruwa ya ratsa tsakaninsu kamar titi. A nan ake gasa gahawa. Wata mata ta jera musu ƙananan kofuna uku, na Habasha, na Kenya da na Brazil.

"Ta ce ka kurɓa a hankali, wai za ka ji zuma da lemon tsami."

"Ni ɗaci nake ji. Ba su da madara ne?"

Aka kawo masa wani lallausan burodi mai kirfa da sukari. Wannan kam ya cinye, ya nemi ƙari, ya ce da ba zai lalace a hanya ba, da ya kai wa mutuniyar.

A minti na uku jami'in kamfanin ya kai su wani wuri da ke sayen zoɓo a hannunsu. Ƙarfe biyar ne na yamma, rana tana sama. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, kwalabe jere har rufi. A tsakiyar kwalaben, cikin gilashi, an kafa buhun Gudaji a bango kamar hoton biki. Gefensa baƙin allo ne da aka rubuta sunayen abin sha da alli. Na uku a jerin shi ne Rayhana.

Yazid ya yi wa masu kallo bayani: zoɓo ne da citta da lemon tsami da ƙanƙara, sai wata farar barasa. Ya ce su an haɗa musu nasu babu barasar. Ba a nuna lokacin da ake haɗawa ba.

Aka ga Gudaji da jan tambulan a hannu. Ya nuna buhun, ya nuna allon, yana dariya.

"Ku gani fa. Har nan ta zo."

A bayansa wani ƙaton Bature ya ɗaga yatsu biyu ya yi wa mai wurin magana. Kalma ɗaya ce Bahaushe zai gane a cikin abin da ya faɗa.

* * *

Zakiyyu ne ya kai wa Malam bidiyon. Tsohon ɗalibinsa ne, yanzu yana cike wa 'yan kasuwa takardun fiton kaya a Maigatari. Shekara biyu da suka wuce ya nemi Rayhana, ta ce ya yi haƙuri.

Ranar Talata bayan la'asar ya shiga zaure, mutum bakwai suna zaune. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ke cikin wayar ba.

"Allah gafarta Malam, gara ka gani da idonka kafin ka ji a bakin wasu."

Rayhana sunan mahaifiyar Malam ne. Ta rasu shekara guda kafin a haifi yarinyar, aka mayar da sunan. Ba a faɗarsa a gidan. Ummi ake ce mata, Malam kuma ya ce Uwata. Ranar da ya kai ta firamare, da hedimasta ya tambayi sunan yarinya, Malam biro ya karɓa ya rubuta.

Ya kalli bidiyon har ƙarshe. Ya ce a maimaita masa minti na ƙarshe. Ya miƙa wa Zakiyyu wayarsa, ya ci gaba da karatun da ya tsaya. Da gari ya waye aka loda kaya.

* * *

A ranar aka aika wa Rayhana ta zo gida. Ta nemi izini a makaranta, ta tafi tasha. Kwana shida ke nan bidiyon yana yawo a wayoyi. Tana zaune a bayan mota ana jiran cikon mutum biyu, wani ɗan kamasho ya ƙwala wa mai zoɓo kira.

"Ke, kawo Rayhana biyu. Masu sanyi."

Aka yi dariya. Bai san tana motar ba, bai ma san ta ba. Ta ja mayafi ta rufe katin makaranta da ke rataye a wuyanta.

Ta tarar da mahaifiyarta, Hadijatu, tana tankaɗe a rumfa, hadari na haɗowa ta gabas.

"Ummi, kin ci abinci?"

"Umma, bai sha ba. Wallahi bai sha ba."

"Wa ya tambaye ki ko ya sha?"

Rayhana ta durƙusa gefen tabarma.

"Shekara talatin da huɗu ina gidan nan," in ji Hadijatu, "ban taɓa buɗe baki na faɗi sunan nan ba. Ranar da aka kwantar da ke a asibiti, da suka tambayi suna, sai da na nemo yayanki ya faɗa. Yau ga wani ƙato a ƙasar da ban san inda take ba, yana ɗaga yatsu yana cewa a ba shi biyu."

"Bai yi tunani ba ne, Umma."

"Shekara uku yana tsayuwa a ƙofar gidan nan yana jin ana ce miki Ummi. Bai taɓa tambayar kansa dalili ba? Su a gidansu ba a sakaya suna?"

"Zai sa a goge."

"A goge. Da kika biyo ta tasha, me kika ji?"

Hadijatu ta ci gaba da tankaɗe.

"Goggonki Rakiyya ta buga mini waya, ta ce har a gidan biki an fara. Bature zai goge allonsa da tsumma. Na Gumel fa, da me za a goge?"

Sai a nan hawayen suka zubo. Rayhana ta bar su, ba ta share ba.

"Ni ma na ga buhun, Umma. Tun bara ya turo mini hoton. Dariya na yi."

Hadijatu ta ajiye rariya.

"Wannan kada ki kuskura Malam ya ji."

Washegari da hantsi Malam ya kira ta ɗakin littattafansa. Kafin ya yi magana ta riga shi.

"Baba, laifin namu ne mu biyu. Na ga buhun, ban hana shi ba."

Ya daɗe yana kallon ƙofa.

"Na gode da kika faɗa, Uwata."

"Ka yafe mana."

"Ke na yafe miki. A makaranta kika girma, a takarda kika saba ganin sunan, ba ki ga mai shi ba." Ya gyara zama. "Ba zan ba ki wanda ba kya so ba. Ban yi wa yayyenki haka ba. Amma kada ki roƙe ni in karɓi sadaki daga hannun da ya nuna allon nan. Dariyar ce ta tsaya mini."

"Murna yake yi, Baba. Bai iya ɓoye-ɓoye ba, abin da ke ransa shi ne a fuskarsa. A ganinsa ɗaukaka ni ya yi."

"Na sani. Shi ya sa ban aika masa da baƙar magana ba."

"Ka bar shi ya zo. Ko minti biyar ne."

Malam ya ɗauki littafin da ke gabansa ya buɗe. Sai da ta kai bakin ƙofa ya ce, "Asabar."

* * *

Gudaji ya zo da baffansa Usaini, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma. Baffa Usaini ya yi kusan rabin awa yana magana a kan ƙuruciya, da zumuncin gidajen biyu, da yadda wayoyin zamani suka lalata duniya. Malam bai katse shi ba. Da ya gama, sai ya juya wajen Gudaji, wanda ke tsugune kusa da takalma.

"Kai me ka ce?"

"Allah gafarta Malam, a kawo Alƙur'ani in dafa. Ko ɗigo bai shiga bakina ba."

"Ba sai ka dafa ba. Na yarda."

Gudaji ya ɗago kai.

"Da sha ka yi, da tsakaninka da Ubangijinka ne, ka tuba a wuce wurin. Sunan mahaifiyarka wa?"

Gudaji ya buɗe baki, ya rufe. Baffa Usaini ya sunkuyar da kai.

"Ka gani," in ji Malam. "Mu uku ne kawai a nan, ka kasa."

Ruwa ya fara sauka a kan kwanon zaure.

"Akwai sauran buhunan?"

"Na fasa faifan. Na sa an juye duk wanda ke da rubutun, an ƙone. Babu ko ɗaya a sito."

"To. Wancan na bango, ina son in gan shi a hannuna. Allon kuma a goge, in ga shaida. In ka yi wannan kafin ranar da aka sa, mu sake zama. Ban ce na ba ka ba."

"Na gode, Malam."

"Kada ka yi godiya tukuna."

A mota Baffa Usaini ya ce, "Kai ma dai. Duk duniya ka rasa abin rubutawa? Ina laifin kibiyarka?"

Yazid ya riga ya sauke bidiyon daga shafinsa, amma hakan bai cire shi daga wayoyin Gumel ba. Ranar Litinin ya je wajen matar da ke da mashayar. Ta daɗe ba ta gane ba. Ta ce a wajensu karramawa ce a sa wa abin sha sunan mutum, kuma ita ta ɗauka sunan gona ne. Da ya gaya mata sunan wata tsohuwa ce da ta rasu, kuma aure yana shirin lalacewa a kai, ta hau kujera da kanta ta sauko da buhun. Ta goge layi na uku. Ta tambaya ko ta mayar da shi Maigatari.

"Ka ce mata ta rufa mini asiri," in ji Gudaji a waya. "Ta sa sunan garinsu."

Hoton allon ya iso a ranar. Buhun ya iso Kano bayan kwana goma sha ɗaya, a cikin ambulan, Gudaji ya je ya karɓo. Baffa Usaini ya kai Sule Tankarkar. Malam ya karɓa, bai warware ba, ya sa a ƙarƙashin buzunsa. Ya ce su dawo Juma'a ta sama.

Hadijatu ta buga wa Rakiyya waya, ta ce kada tela ya dakata da ɗinkin kayan biki.

* * *

Ranar Laraba, kwana biyu kafin zaman, Rayhana ta fito daga makaranta ta ga motar Zakiyyu a gindin darbejiya. Ya fito ya jingina da ƙofa.

"Malama, barka da tashi."

"Barka."

"An ce buhu ya dawo. Na taya ki murna."

"Ka taya ni tun a zaure."

"Gaskiya na kai. Ko akwai abin da na ƙara?"

Ta wuce. Ya bi ta da magana, bai ɗaga murya ba.

"Ki tambaye shi nawa ne a kan ruwa."

Ta tsaya.

"Kwantenar ƙarshe ta bar Maigatari kwana tara kafin bidiyon ya fito. Ni na cike takardunta, ina tsaye aka loda. Duk shuɗin fenti ne." Ya buɗe ƙofar mota. "Ban gaya wa Malam ba. Tsufansa nake dubawa. Amma in ya tambaye ni ranar Juma'a, malamina ne, ba zan yi masa ƙarya ba."

A gidan Goggo Rakiyya take zama idan makaranta na ci. Nan ta kira Gudaji. Ya iso bayan la'asar, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya shigo zaure da fara'a, da leda a hannu.

"Na samo mai yin burodin kirfan nan a Kano. Bai kai nasu ba, amma..."

"Nawa ne a kan ruwa?"

Ya ajiye ledar a kan benci.

"Wa ya gaya miki?"

"Nawa ne?"

"Ɗari huɗu da tamanin."

Ta zauna. Ta ɗora hannuwanta a kan gwiwa.

"Baba ya tambaye ka."

"Na ce babu a sito. Kuma babu."

"Gudaji, lissafi nake koyarwa. Na san yaron da ya amsa tambaya, na san wanda ya zagaye ta."

"Me kike so in ce masa a ranar? Ga Baffa a zaune, ga shi ya ɗan buɗe ƙofa. In ce masa ɗaya ka gani, saura ɗari huɗu da tamanin? Da ko takalmina ba zan tsaya ɗauka ba."

"Ka sa a canza buhunan."

"Kayan sun fita daga hannuna. Na rubuta wa kamfanin sau uku, sun ce za su duba. Jirgin zai isa ranar tara ga wata. Daga nan rarraba shi ake yi, masu ganyen shayi su ɗiba, masu lemo su ɗiba, irin wancan wurin ma su ɗiba. Yazid ya ce ko buhunan ba a zubarwa, masu gidajen gahawa suna saye su yi ado da su."

"Ado."

"Ba wanda zai gani, Rayhana. Wa ke zuwa can? Wancan ma tsautsayi ne."

"Kada ka kira sunan."

Ya dube ta. Shekara uku da sunan yake kiran ta.

Kukan ya zo mata a hankali. Ta rufe bakinta da gefen mayafi don kada Goggo ta ji daga tsakar gida.

"Na durƙusa a gaban Baba na ce laifin namu ne mu biyu. Umma ta hana ni, na faɗa. Na ce masa kai ba ka iya ɓoye-ɓoye ba, abin da ke ranka shi ne a fuskarka, shi ya sa ma ka yi dariyar. Da wannan na samo maka Asabar."

"Tsoro na ji. Tsoron rasa ki."

"Ni ban ji ba? A aji yara suna rubuta sunana a allo su zana kofi a gefe. Ina shiga in goge in fara darasi. Ban taɓa gaya maka ba."

Ya tsuguna a gabanta.

"Bari a ɗaura. Wata ɗaya ne. Bayan nan ni da kaina zan je in faɗa masa."

"Zakiyyu zai zauna a zauren Baba jibi."

"Zan same shi."

"Ka ce masa me? Ka roƙe shi? Ka ba shi wuyanka ya riƙe har mu tsufa?" Ta share fuska. "Kuma ko babu Zakiyyu, ba za a ɗaura mini aure Baba yana zaune a kan buhu ɗaya yana zaton shi ke nan ba."

"In na faɗa, ya ƙare."

"Wataƙila."

"Kin yarda ya ƙare?"

"Ban yarda ba. Ina son ka yau kamar yadda nake son ka jiya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Amma gobe za ka je, kai kaɗai, ba da Baffa ba. In ba ka je ba, ni zan hau mota."

Goggo Rakiyya ta leƙo ta ce ana kiran magariba. Gudaji ya tashi. Ya bar ledar a kan benci.

* * *

Ya isa Sule Tankarkar ranar Alhamis da ƙarfe goma. Ya jira aka tashi daga karatu, zaure ya rage daga shi sai Malam. Bayaninsa bai kai minti uku ba.

"Ranar da na tambaye ka, suna ina?"

"Suna kan ruwa."

"Ka sani?"

"Na sani."

"Wa ya ce ka zo ka faɗa?"

Gudaji ya gyara zama.

"Ita ce."

"Da ba ta ce ba fa?"

"Da ban zo ba, Malam. Sai bayan an ɗaura."

Malam ya dube shi, karo na farko tun da ya shigo.

"Wannan ka amsa daidai."

Ya ce a gaya wa Baffa Usaini an ɗage zaman Juma'a, bai faɗi zuwa yaushe ba. Da Zakiyyu ya zo gaisuwa bayan sallar Juma'a, aka ce masa Malam yana hutawa.

Ranar Asabar Malam ya aika Gagarawa a kira ƙaninsa, Alhaji Sajo. Shi ne waliyyin duk 'ya'yan gidan mata. Shi yake bayar da aure, kuma shi ake aikawa idan za a rufe magana.

Kamfanin Jamus bai amsa wasiƙa ta huɗu ba. Saura kwana shida jirgin ya isa.

Alhaji Sajo ya sauka ranar Lahadi da hantsi. Ya gaisa da Hadijatu a tsaye, ya shiga ɗakin littattafai, aka tura ƙofa. Aka ce Rayhana ta zauna kusa, za a neme ta.

Ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta zauna. An yi azahar, sun fita masallaci tare, sun dawo sun sake rufe ƙofa. Har aka kira la'asar ba a neme ta ba.